Murmushin Mugu

Mai koyon zane yakan ɗauka mugu sai da ƙaho da jajayen idanu. Ni kuwa in na ɗauki fensir, daga baki nake farawa. Joker, abokin gabar Batman da ya fara fitowa a 1940, murmushi ne makaminsa, wanda masu ƙirƙirarsa suka ce sun gano a fuskar Conrad Veidt cikin wani fim na 1928. A ja gefen leɓe har ya kusa kunne, a bar idanu a bushe, babu ɗigon dariya a cikinsu. Sai gaban mai kallo ya faɗi. Gira kuwa, ɗan karkato ta wajen hanci ya wadatar. Ɗan'uwa mai koyo, bar batun riga tukuna, ka daɗe a kan fuskar.