Waɗanda Ba Su Zo Na Ɗaya Ba

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin Hausa ya san cewa gasa ce ta haifi ƙagaggun labaranmu na boko. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuto labarai, aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Shi ya sa duk inda na ji an ambaci gasar marubuta sai in kasa kunne, ko da a bangon duniya ake yin ta. Karance-karance sun kai ni ƙasar Japan, inda na tarar da wani reshen adabi wanda shi ma a gindin gasa ya yi girma, wato ƙagaggun labaran kimiyya. Su ne labaran da marubuci kan ɗauki wani abu na ilmin zamani, kamar tafiya sararin samaniya ko na'ura mai tunani, ya tambayi kansa yadda rayuwar ɗan Adam za ta kasance in abu kaza ya auku. Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo ita ce misalinsu a wajenmu.

A ƙarshen 1959 kamfanin ɗab'i na Hayakawa da ke Tokyo ya fara fitar da mujallar SF Magazine, editanta na farko kuwa shi ne Fukushima Masami. Yawancin abin da ke cikinta a lokacin fassara ce daga Amurka da Ingila. To, masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Saboda haka a 1961 mujallar ta sa gasa domin ta zaƙulo marubuta 'yan gida, tare da haɗin gwiwar kamfanin fim na Toho, wanda ya yi fim ɗin dodon nan Godzilla.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sakamakon. A wannan zagaye na farko alƙalai ba su ba kowa babbar kyauta ba. Wani mai suna Komatsu Sakyo ya aiko da labari a kan Japan da ta ƙi miƙa wuya a watan Agusta na 1945, har aka tura yara fagen fama a cikin ƙasa. Shekararsa goma sha huɗu lokacin da yaƙin ya ƙare, wato tsoron da ya kwana da shi ne ya mayar labari. Abin da ya samu kawai shi ne kyautar yabon ƙoƙari. Amma wannan mutum shi ne a 1973 ya rubuta Nihon Chinbotsu, labarin nutsewar tsibiran Japan a teku, wanda aka sayar da miliyoyin kwafinsa. A zagaye na biyu, a 1962, Tsutsui Yasutaka ma yabo kurum ya samu. Ga shi kuwa in ana lissafin manya uku na wannan fage a Japan, Komatsu da Tsutsui da Hoshi Shinichi ake kira.

Gasar Hayakawa ta tsaya a 1992, aka kuma shiga wasu shekaru da masu sharhi suka riƙa kira hunturun labaran kimiyya. Da aka farfaɗo da ita a 2013, sai ta karkata ga dogayen labarai. Kafin nan wani kamfanin, Tokyo Sogensha, ya riga ya buɗe wa gajeren labari ƙofa da gasar Sogen, wadda aka fara ba da kyautarta a 2010.

A nan ma tarihi ya maimaita kansa. Matsuzaki Yuri ce ta zo ta ɗaya a shekarar farko, ta kuma ci gaba da rubutu. Amma a bayanta akwai Miyauchi Yusuke, wanda ya sami kyautar baƙon alƙali da labarin wata mata da ta rasa hannuwa da ƙafafu, ta ƙware a wasan go, wani wasa mai kama da dara da ake yi da baƙaƙe da fararen duwatsu, har allon wasan ya zame mata kamar jikinta. Littafin da ya tsiro daga wannan labari ya ci babbar kyautar labaran kimiyya ta ƙasar. Akwai kuma Takayama Haneko, wadda ta sami yabo, ita ce kuma a 2020 ta ci kyautar Akutagawa, ɗaya daga cikin mafi daraja a adabin Japan baki ɗaya. A 2011 Torishima Dempow ya ci gasar da labarin wani ma'aikaci da ke bauta wa wani shugaba mai siffar dodo a wata duniya mai nisa, labarin da ya cika da kalmomin da shi kansa ya ƙirƙira.

Me ya sa na bayan ba su ɓace ba? A ganina dalili biyu ne. Na farko, mai sa gasar yana da inda zai buga aikin. Kamfanin Sogen ya tattara labaran da suka kai zagayen ƙarshe ya fitar da su a littafi guda, editoci kuma suka ci gaba da riƙe hannun marubutan. Na biyu, al'adar Japanawa ce alƙalai su rubuta dalilansu a buga, kowa ya karanta. Wanda ya faɗi yakan san inda ya yi tuntuɓe, wanda bai shiga ba ma ya ƙaru. Kuɗin kyauta kwana nawa zai yi a aljihu? Amma shafin da aka buga, da gyaran da aka yi wa mutum, su ne jarinsa.

Akwai wata gasar da ta zo da sabon zance. A 2013 jaridar Nikkei ta kafa kyautar Hoshi Shinichi, don tunawa da marubucin da ya rubuta gajerun labarai sama da 1,000 kafin rasuwarsa a 1997. An ƙayyade labari kada ya wuce haruffa 10,000, an ware wa yara rukuninsu, sa'an nan aka ce ko wanda ba ɗan Adam ba ne yana iya shiga. A 2016 wani labari da masu bincike suka haɗa da taimakon kwamfuta ya tsallake zagayen farko na tantancewa, ko da yake mutane ne suka tsara mata jigo da zubi da yawancin kalmomi. Yau da na'urorin suka fi haka ƙwarewa, abin da nake tsoro shi ne labarai masu kama da juna su yi wa alƙalai ambaliya, har gajiya ta sa su tsallake baƙuwar murya irin ta Torishima. Gasa kuwa in ba ta gano baƙuwar murya ba, me ta yi?

'Yan'uwana ɗalibai, a cikinmu akwai masu labarai a ƙasan akwati, sun ƙi fito da su don gudun kada su faɗi. Su tuna Komatsu da kyautar ƙoƙarinsa. Malamanmu kuma, duk ranar da aka ɗora muku alƙalancin gasa, muna roƙo kada a tsaya ga kiran sunaye uku a tafa a watse. A rubuta mana dalili, a kuma nemar wa na huɗu da na biyar shafi a mujalla. Wa ya sani ko a cikinsu ne gwanin gobe yake?