Rufin Ɗakin Lambun Baba

A damina ta farko bayan rasuwar Baba, iskar da ta rako ruwan fari ta yaye jinkar ɗan ɗakin da ke ƙuryar lambunsa, a bayan gidanmu a Kano. Da gari ya waye muka tarar da ciyawar a warwatse har gidan maƙwabta, fartanya da garma da lauje kuma suna kwance cikin taɓo. Mu biyu ne maza a gidan, ni da ƙanena, don haka gyaran ya faɗo a wuyanmu.

Dukanmu biyu da rubuta manhajar kwamfuta muke neman abinci, shi ya sa muka yi abin da muka saba. Muka buɗe Excel, muka jera kayan rufi, muka ba kowanne gurbin farashi, da nauyi, da shekarun da zai yi, da ladan kafinta.

Ciyawa ce ta fara faɗuwa. Tana da sanyi da araha, amma gara na cin ta, wuta ba ta yi mata da sauƙi, masu iya jinka kuma sun yi wuya a birni. Rufin soro da azara ya fi kowanne sanyi, sai dai yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma siririn ginin ɗakin ba zai ɗauki nauyinsa ba. Wani maƙwabci ya yi mana tayin tsofaffin fallayen asbestos kyauta. Muka yi godiya muka bar masa abinsa, domin ƙurarsa tana jawo ciwon huhu da kansa, ƙasashe da yawa ma sun haramta shi. Ya rage kwano da alminiyum. Muka je kasuwar Ƙofar Ruwa muka taya. Alminiyum ba ya tsatsa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan ɗakin lambu. Bandir ɗaya na kwano kuwa falle 20 ne, ya ishe mu har da saura. Lissafi ya tsaya a kan kwano.

Da daddare muka kai wa Inna kwamfutar, muna jin mun gama aiki. Ta dubi allon ta ɗan jima, sannan ta ce, “To, me za ku ajiye a ƙarƙashinsa?”

“Kayan aiki mana, Inna.”

Ba ta ce komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanayen madara da ƙulle-ƙullen tsumma, ta zube su a kan tabarma. Irin kuɓewa ne, da yakuwa, da rama, da kabewa, da wake. A daren iskar, muna barci, ita ta fita cikin ruwa ta kwaso su. Ta ɗaga ƙulli ɗaya ta ce kuɓewar nan daga gonar kakanmu Baba ya zo da ita, kuma bai taɓa sayen irinta a kasuwa ba. Kowace shekara yakan bar 'ya'ya mafi kyau su bushe a jikin uwar, ya ɓare, ya adana a wannan ɗakin.

“Ku shiga ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu,” in ji ta, “in kun iya zama, to su ma za su iya.”

Kunya ta kama mu. Zafin Kano a Afrilu yakan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano tsirara kuma ya fi haka. Masana iri suna da wata ƙa'ida: duk ƙarin digiri 5 na zafi a ma'ajiya yana rage rabin tsawon rayuwar iri. Jadawalinmu ba shi da gurbin wannan. A wurin aiki mu ne masu cewa kada a rubuta ko layi ɗaya sai an tambayi mai aikin abin da yake buƙata. Da aikin ya zo gida, mun yi kwana uku muna lissafi ba mu tambayi kowa ba.

Kwanon dai muka saya, amma ba yadda muka tsara da farko aka kafa shi ba. Kafinta ya ɗaga rufin, ya bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da kan gini don iska mai zafi ta samu mafita, ya toshe tazarar da ragar waya saboda ɓera da tsuntsu. Ya shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon a madadin silin. Ya ɗaure katakon da langa-langa a jikin gini, kada iska ta maimaita mana. Mu kuma muka shafe saman da farin fenti. Inna ta zuba irin a tukwanen ƙasa, ta gauraya waken da toka kamar yadda Baba yake yi, ta ɗora su a kan duwatsu.

Da bazara ta kusa ƙarewa muka ɗebi ƙwayar kuɓewa 50 muka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Kullum da safe kafin mu kunna kwamfuta sai mun leƙa. Cikin mako guda 41 suka tsiro. Muka kai wa Inna labari. Ta ce Alhamdu lillahi, Allah Ya ji ƙan malam, sannan ta ce mu je mu wasa fartanya, hadari ya fara haɗuwa a gabas.