Fam Biyu da Sule Bakwai da Sisi

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya yi kwas a birnin Landan cikin 1964. Da tsufa ya kama shi, ciwo ya kwantar da shi, sai ya sa jikansa ya ɗauko masa wani littafi daga ƙasan adaka. A shafin ƙarshe an rubuta £2 7s 6d. Ya ce kuɗin hayar mako guda ne da wata tsohuwar Baturiya take bin sa, ya dawo gida bai biya ba, yana so a sauke masa nauyin tun da sauran numfashi.

Jikan ya dubi rubutun, ya ce, "Kaka, wannan kuɗi ne ko lambar mota?"

Tsohon ya yi murmushi, ya shiga warware masa. A Ingila ta wancan zamani kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, watau kwabo 240 ke nan a fam guda. Taro kwabo 3, sisi kwabo 6, fataka sule 2. Akwai kuma wata ƙwarar kuɗi mai darajar sule biyu da sisi, wadda takwas ɗinta suke cika fam. Uku daga cikinta su ne sule bakwai da sisin da ke cikin littafin. Hikimar tsarin kuwa ita ce, sule yana rabuwa gida biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, ba tare da an fasa kwabo ba. Irin wannan lissafi aka yi a Nijeriya har zuwa 1973, lokacin da naira ta zo, fam ya koma naira biyu.

Ingila ta riga mu sauyawa. Ran 15 ga Fabrairu 1971 aka raba fam gida 100, sule ya zama sabon kwabo 5. Jikan ya buga lissafi, bashi ya tashi fam biyu da kwabo 37 da rabi. To, rabin kwabon nan ma an daina karɓarsa tun 1984, balle a ƙirga shi a hannu. Ya ce, "Ashe abin bai taka kara ya karya ba, Kaka. Yau da ƙyar zai sayi kofin shayi a can."

Nan fa dattijon ya ɓata rai. Ya ce matar ɗaki ta ba shi da gado da wutar jin ɗumi har kwana bakwai cikin hunturu, don haka hayar mako guda za a biya, a farashin yau. A nemi magadanta, in ba a same su ba a ba mabukata da sunanta.

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Jikan ya kwafe adireshin da ke bangon littafin, tsohon kuwa bai kwanta ba sai da ya ga an rufe wasiƙar.