Hutun Ƙarshen Mako a Tsibirin Gore

Wani ɗalibi da ke aikin fassara a Dakar, babban birnin Senegal, ya gaji da hayaniyar gari. Ran Asabar ya hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore, tafiyar minti 20, inda babu mota ko ɗaya. Niyyarsa ya sha iskar teku, ya ci gasasshen kifi.

Sai ƙafa ta kai shi Gidan Bayi, ginin wajejen 1776. Ya daɗe tsaye a ƙofar da ke fuskantar teku, yana tuna kakarsa, wadda har ta rasu ba ta yarda a ambaci asalin mahaifinta ba. Kifin ya huce a takarda.

Da ya koma Dakar ran Lahadi, ya buga wa mahaifiyarsa waya, ya tambaye ta sunan mutumin.