Shahon Da Ke Zuwa Mana Ci-rani

 Yau ba maganar farashin wake zan yi ba, maganar tsuntsu ce. Na san wani zai ce yaron nan ya rasa abin yi. To a daure a karanta.

Akwai wani shaho siriri mai dogayen fukafukai, namijin ruwan toka, macen ruwan ƙasa. Ba ya lulawa sama kamar shirwa, ƙasa-ƙasa yake bi a kan ciyawa yana tangaɗi, kai a sunkuye. Turawa sun laƙaba masa sunan wani masaninsu, Montagu. Ni kuwa shahon ci-rani nake ce masa, don sana'armu ɗaya. A Turai yake ƙyanƙyasa, wajen watan Satumba ya ƙetaro Sahara ya sauka Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, sai Maris ko Afrilu ya koma. Masu binciken da suka ɗaura masa na'urar bin sawu sun gano ko a Arewa ba ya zama wuri guda, ciyawa na bushewa yana ƙara gangarowa kudu. Ban dai taɓa ganinsa a nan Ibadan ba. A ƙauyenmu na san shi, lokacin hunturu.

Me ya dame ni da shi? Fara. Ita ce yawancin abincinsa idan yana wajenmu. Mahaifina gero da wake yake sayarwa a kasuwar Bodija, kuma duk buhun da aka sauke mana sai da ya tsallake bakin fara tukuna. Ke nan ma'aikaci ne da ba mu biya, ko sunansa ba mu sani ba. (Mu ma fa abokan takararsa ne, kowa ya san soyayyar fara da yaji.)

Ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ba ta sa shi a sahun masu shirin ƙarewa ba, amma ɗan'uwansa mai hasken jiki, wanda ke zuwa daga Rasha da Kazakistan, tana lissafa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Ni wannan bai kwantar mini da hankali ba. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin su a 2003 da 2004, ya tarar yawancinsu sun ragu ƙwarai. A 2024 wani bincike ya duba iri 42 na irin waɗannan tsuntsaye a Afirka, kusan kashi 90 cikin ɗari sun ragu, kuma Afirka ta Yamma ta fi jin jiki.

A Turai a ƙasa yake sheƙa, cikin gonar alkama, injin girbi yana niƙe 'ya'yan. Sai ga mutane suna bin gona-gona suna kewaye sheƙar da waya. A Holand ya kusa ɓacewa a ƙarshen shekarun 1980, da irin wannan hidima ya farfaɗo. Su ke nan suna wahalar renonsa, ya iso wajenmu ya tarar makiyayar da ya sani ta zama gona, an sare kalgo da sabara, an yi feshi. Maganar feshin nan ba wasa ba ce. A Ajantina, tsakanin 1995 da 1996, wani shaho mai cin fara da ke zuwa musu daga Amurka ta Arewa ya mutu wajen 20,000 saboda maganin ƙwari.

Ba na ganin laifin manomi, yunwa ba ta jira. Amma mu da ke aika kuɗin maganin feshi gida duk damina, mun taɓa tambayar wane iri ake saya?

Duk mai zuwa gida bana da hunturu, don Allah ya leƙa bakin fadama da yamma, lokacin da suke taruwa su kwana a ƙasa. Ya ƙirga mini nawa ya gani, ya kuma tambayi dattawa sunan da suke kiransa da shi.