Wa Zai Ƙirga wa Dattijo?

A gidajenmu, da zarar likita ya ce dattijo yana da ciwon sukari, hankalin kowa yakan koma kan kwano. A rage tuwo, a daina lemon kwalba, a koma acca da alkama, a sha koko ba sukari. Duk wannan daidai ne. Sai dai ba a cika tambayar inda sukarin da ya riga ya shiga jini yake zuwa ba. Amsar wannan tambaya tana cikin cinya da damtse da gadon baya, kuma ita ce ta sa na ɗauki maganar ƙarfin tsokar tsofaffinmu da muhimmancin da nake ba maganar abincinsu.

Tsoka ce babban rumbun sukari a jikin mutum. Idan insulin yana aiki yadda ya kamata, kusan kashi 80 cikin 100 na sukarin da yake kwashewa daga jini cikin tsoka yake zuba shi. A ciwon sukari nau'i na 2, wanda shi ne ya fi kama manya, insulin yakan ƙwanƙwasa ƙofar rumbun amma ta ƙi buɗuwa sosai. Abin sha'awa shi ne rumbun yana da wata ƙofa ta biyu. Duk lokacin da tsoka ta ɗaure ta yi aiki, wasu ƙananan masu dako da masana ke kira GLUT4 sukan fito bakin ƙwayoyinta su shigar da sukari, ko da insulin bai ce musu komai ba. Bayan aikin kuma tsoka takan ƙara jin maganar insulin na tsawon kwana ɗaya zuwa uku.

Matsalar ita ce rumbun yana ƙanƙancewa. Daga shekara 30 mutum yakan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, kuma zubewar tana ƙara sauri bayan 60. A 1989 wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan zubewa suna sakofeniya. Ciwon sukari yana ƙara mata gudu, ita kuma tana ƙara masa tsanani, domin ƙaramin rumbu ba ya ɗaukar amfanin gona mai yawa.

An daɗe ana zaton tsokar tsoho ta gama girma. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston suka ɗauki mutum goma masu rauni daga wani gidan kula da tsofaffi, shekarunsu daga 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala sun sami ƙarin ƙarfi da ya kai kashi 174 cikin 100 a matsakaici. A 2002, a Boston ɗin dai, Carmen Castaneda ta gwada irin wannan atisaye a kan dattawa masu ciwon sukari na mako 16. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, ya sauko musu daga 8.7 zuwa 7.6.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na David Dunstan a birnin Melbon na Ostareliya. Mutanensa masu shekara 60 zuwa 80 ne. Sun yi wata shida suna zuwa ɗakin motsa jiki sau uku a mako, da mai horarwa a kansu, kuma HbA1c ɗinsu ya ragu da maki 1.2. Daga nan aka sallame su su ci gaba a gida na wasu wata shidan. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna ƙarfin da suka samu bai zube ba, amma ribar da suka ci a sukarin jini ta tafi. Masu binciken sun danganta hakan da raguwar naci, da raguwar yawan aikin da nauyinsa.

Mutanen nan sun san yadda ake yi, sun kuma ga amfaninsa a jikinsu. Abin da suka bari a ɗakin motsa jiki abu huɗu ne: lokaci tsayayye, wanda zai ƙirga musu, wanda zai ce yau a ƙara nauyi, da abokan yi. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Mafi yawan iyayenmu ba za su taɓa taka ɗakin motsa jiki ba, saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce yadda gida zai samar da waɗannan huɗun.

A nan muna da wani cikas namu na kanmu, wanda ya samo asali daga kyakkyawar ɗabi'a. Mu mutane ne masu hutar da babba. Ba a barin dattijo ya ɗauki buta, ba a barin tsohuwa ta ɗaga tukunya. Matar da ta yi shekara arba'in tana daka da jan guga, yau injin niƙa da famfo da jikoki sun karɓe mata komai. Mu da muke aiki a birni mukan cika ladanmu da aika kuɗin mai aiki da sayen kujerar salla tun kafin a buƙace ta. Niyyar ta alheri ce, amma tsokar da aka hutar gaba ɗaya narkewa take yi.

Ina da gwaggo da ta haura saba'in, tana shan maganin sukari shekaru da dama. Lambobin da na'urar gwaji ke nunawa ba su taɓa ɗaga mata hankali ba. Abin da ya dame ta shi ne ranar da ta kasa tasowa daga sujada sai da ta dafa bango. Da aka bayyana mata cewa tsokar cinya ce ke ɗaga mutum daga ƙasa, kuma ana iya dawo da ita, sai ta ce a nuna mata. Jikarta mai shekara goma sha biyu ce ta zama mai ƙirga, tana rubuta adadin a jikin kalandar ɗaki. Ni kuma nakan kira ta a WhatsApp ranar Juma'a, bayan gaisuwa in ce, "Gwaggo, sau nawa aka tashi wannan makon?" Takan ce, "Kai dai tambayi malamar, ita ke riƙe da littafin." Na fahimci cewa dattijo ba ya ɗaga nauyi don HbA1c. Yana yi ne don ya yi salla a tsaye, ya shiga mota ba a tallafe shi ba, ya je suna da jana'iza da ƙafarsa, ya tsuguna a banɗaki ya tashi ba tare da ya kira kowa ba. Wanda ya gano wanne daga cikin waɗannan ne ke cin ran tsohonsa ya sami abin da zai riƙe shi.

Aikin kansa ba ya buƙatar kayan kanti. Motsi biyar sun isa a fara. Na farko, a zauna a kujera mai ƙwari da aka jingina da bango, a tashi, a koma a hankali. Na biyu, a dafa bango da tafin hannu biyu, a kai ƙirji kusa da shi, a tura baya. Na uku, a riƙe bayan kujera a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu. Na huɗu, a ɗaga gorar ruwa daga cinya zuwa kafaɗa. Na biyar, a dafa tebur da hannu ɗaya, a sunkuya kaɗan, a jawo jarka zuwa ƙugu da ɗaya hannun. Kowane motsi sau 10 zuwa 15, a huta, a maimaita sau ɗaya ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce a yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Likitocin sukari sun fi son biyu zuwa uku, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Wannan ƙari ne a kan tafiyar ƙafa, bai maye gurbinta ba.

Darasin Melbon yana wurin ƙarin nauyi. Ya kamata biyun ƙarshe na kowane zagaye su yi wuya. Idan 15 ta zama wasa, lokacin ƙari ya yi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka ma'auni ce da kanta: a ƙara rabin lita, a ja layi a jikinta. Sau ɗaya a wata a duba agogo a ƙirga sau nawa dattijo zai tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30, hannuwansa a ƙirji. Likitoci na amfani da wannan gwaji, kuma lamba ce da tsoho zai ga tana hawa da idonsa. Lokaci kuma a ɗaura shi a jikin abin da ba ya tashi, kamar bayan karin kumallo ko bayan la'asar.

Akwai hattara da ba a wasa da ita. A fara da shawarar likita, musamman ga mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko wanda sukari ya taɓa masa ido, domin yunƙuri mai tsanani na iya jawo zubar jini a cikin idon. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide sukarinsa na iya faɗuwa, don haka a gwada kafin a fara, a ajiye dabino ko sukari kusa. Rawar jiki, gumi mai sanyi da jiri alamu ne na a tsaya, kuma ƙasa da 70 a na'ura faɗuwa ce. Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa. Wanda ƙafarsa ta daina ji sosai ya sa takalmi rufaffe, a duba tafinta kullum. Ciwon ƙirji ko yankewar numfashi na asibiti ne nan take. Da azumi a mayar da aikin bayan buɗa-baki.

Yawancinmu muna biyan kuɗin maganin iyayenmu kowane wata ba fashi, kuma hakan wajibi ne. Abin da ya rage shi ne aikin da kuɗi ba ya yi. A nemi mutum ɗaya a gidan da zai riƙa ƙirgawa, a nemo maƙwabciya ko aminin da za su yi tare, a rataye kalanda da biro kusa da kujerar. Idan kuma aka kira gida aka gama tambayar jiki da abin da na'ura ta nuna, a ƙara da tambayar inda layin jarka ya kai.