Yadda Muka Taka Birnin Landan da Ƙafa

A ƙasar Ƙaraye da Rogo ba a yi wa mutum kirari don ya yi tafiya a ƙasa. Mu da muka tashi a ƙauyukan nan mun taka zuwa firamare, mun taka zuwa kasuwa da kaya a ka, mun taka zuwa sujada ran Lahadi. Amma tun da babura suka cika gari, wanda aka gani yana taka sayyada da rana tsaka sai a ce abin hannunsa ya ƙare. Har ɗalibanmu ma, idan hutu ya zo, gara yaro ya ci bashin kuɗin acaba da a gan shi ɗauke da akwati a ka. Saboda haka da aka roƙe mu mu rubuta labarin zamanmu a Ingila, sai muka ce bari mu ba ku labarin ƙafafunmu.

Mu biyu ne, dukanmu malaman makaranta, ɗaya mutumin Ƙaraye ɗaya mutumin Rogo. Wata ikilisiya ce ta ɗauki nauyinmu zuwa kwas na wata tara a kan aikin koyarwa, daga Satumba 2018 zuwa Yuni 2019. An sauke mu a gidan waɗansu Yarabawa masu kirki a unguwar Fekam, kudu da Kogin Tems, inda 'yan Nijeriya suke da yawa har ana sayar da garin rogo da manja a bakin titi. Guzurin da ake ba mu ya isa ci da sha, amma bai isa yawo ba. Shiga bas sau ɗaya fam ɗaya da rabi ne a lokacin, watau wajen naira 700, kuma direba ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Muka yi lissafi irin na malamai masu 'ya'ya a makaranta, muka ga kowace Asabar da muka hau mota mun ci kuɗin littattafan yaro guda. To, sai muka sayi takalma masu kauri a shagon gwanjo.

Daga Fekam zuwa gadar Wesminista wajen kilomita 6 ne, tafiyar sa'a ɗaya da rabi. Ga ɗan ƙauye wannan ba tafiya ba ce. Abin da ya ba mu wuya shi ne ƙetare titi, gama motocinsu ta hagu suke bi, mu kuwa mun koma dama tun 1972, kafin a haife mu. Sun san baƙi na ruɗewa, har sun rubuta a ƙasa gefen da mutum zai duba. Sai kuma sanyi da gajartar yini: a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Kuma ba mu kaɗai muke takawa ba. Ga manya cikin kwat da jakar ofis suna zabga sauri a ƙasa, ba mai kallonsu balle ya ce musu sannu da wahala.

Abubuwan da ke cikin littafin turancinmu na firamare mun gan su, ba za mu daɗe a kansu ba. Hasumiyar Big Ben mun tarar an lulluɓe ta da ƙarafan magina, domin gyaran da aka fara a 2017 bai ƙare ba sai 2022. Mun tsaya a ƙofar fadar Bakingam cikin cunkoso muna kallon sojojin gadi suna canjin aiki. Mutumin Rogo ya ce shi kam hawan Daushe ya fi wannan armashi, ba wanda ya yi masa musu.

Abin da ya riƙe mu shi ne wani Landan da ba a zana shi a littafin ba, wanda kuma mai tafiya a jirgin ƙarƙashin ƙasa zai wuce ta ƙarƙashinsa bai sani ba. Tafiyar 'yan mintoci daga fadar akwai wani gida da ake kira Lankasta, ba a barin kowa shiga. A cikinsa Sardauna da Azikiwe da Awolowo suka zauna da Turawa a 1957 da 1958, har aka tsai da ranar 1 ga Oktoba 1960 ta zama ranar 'yancin kanmu. Shekara nawa muna rubuta wannan a allo, ga mu yau a bakin katangarsa muna cin gyaɗar da muka zo da ita a aljihu. Daga nan muka gangara dandalin Tirafalga, muka hango tutarmu kore da fari a ofishin jakadancin Nijeriya. Muka miƙe gabas har Bush House, gidan da iyayenmu suka yi shekaru suna jin sunansa a rediyo suna shirin tafiya gona. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, amma sun tashi daga gidan a 2012, yanzu ɗaliban jami'a ne ke shiga da fita.

Idan aka yi arewa daga nan, minti ashirin zai kai mutum unguwar jami'ar Landan. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatun aikin malanta a 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano kuma ya biyo bayansa. Dukansu malaman aji ne kamarmu sa'ad da suka zo, kuma sun zo Landan da yaƙi ya bar ta da kangaye da ƙarancin abinci. Kusa da wurin akwai babban gidan tarihi na Birtaniya, shigarsa kyauta ce, shi ya sa ya zama mafakarmu ranar ruwa. A ɗakin Afirka, can ƙasa, an jera kayan tagullar Binin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897. An adana su da kyau, wannan gaskiya ne. Amma ba mu ji daɗin cewa sai ɗan Nijeriya ya nemi biza kafin ya ga aikin kakanninsa ba, kuma har yau ra'ayinmu bai sauya ba.

A kan titunan nan muka riƙa tuna wani yaro Bahaushe da ya riga mu duka. Sunansa Dorugu, daga ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya yi wa Bature Bat hidima, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Ya bi shi har Tambutu, suka ƙetare Sahara, suka iso Landan a 1855. Daga bakinsa wani ɗan mishan mai suna Shon ya rubuta labaran da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Daga baya ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912. Duk sa'ad da ɗayanmu ya fara kukan ciwon ƙafa, sai ɗayan ya tambaye shi ko ya kai Tambutu ne.

Wurin da muka fi komawa shi ne babbar majami'ar Wesminista. Mai yawon kallo sai ya biya kuɗi mai yawa, amma wanda ya zo sujadar yamma ba a karɓar ko kwabo a hannunsa, mu kuwa dama masu sujada ne. A bisa ƙofar yamma akwai siffofin mutum goma da aka kashe saboda bangaskiyarsu a ƙarni na 20, an kafa su a 1998. A cikinsu akwai Akbishop Janani Luwum na Uganda, wanda aka kashe a zamanin Idi Amin a 1977. Da shiga ciki, a tsakiyar daɓe, mutane suna takawa, ga kabarin Dauda Libinston.

Duk ɗan makarantar mishan ya san Libinston. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda gawarsa ta iso nan. Ya rasu a watan Mayu 1873 a wani ƙauye cikin ƙasar da ake kira Zambiya yanzu. Mutanensa, Susi da Cuma ne a gaba, suka binne zuciyarsa a gindin wata bishiya, suka shanya gawar ta bushe, suka naɗe ta, suka ɗauka a kafaɗa. Wata tara suna tafiya a ƙasa, fiye da mil 1,000, ta cikin cuta da ƙasashen da ba a son ganin gawa, kafin su kai bakin teku a Bagamoyo. Babu wanda ya tilasta musu. Da sun ga dama sai su binne shi su watse. A cikinsu akwai wani saurayi, Yakubu Wenrayit, bawa ne da aka 'yanta aka sa shi makarantar mishan a Indiya. Da yake ya iya karatu da rubutu, shi ya sassaƙa sunan mamacin a jikin bishiyar, shi ya karanta addu'ar jana'iza, shi kaɗai ne kuma baƙar fata cikin masu ɗaukar akwatin a wannan majami'a a watan Afrilu 1874.

Mun sunkuya mun karanta rubutun dutsen a hankali, daga sama har ƙasa. Ya yaba wa amincin waɗanda suka kawo shi, amma ko sunan ɗaya daga cikinsu babu. Mutumin Ƙaraye ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta sunayen ukun nan, domin ajinsa na tarihi. Ma'aikacin majami'a ya zo ya ce mana cikin ladabi za a rufe ƙofa. Muka fito, duhu ya riga ya yi, ana yayyafi, muka ɗaga wuyan rigunanmu muka hau gada, Fekam na can gaba da kilomita 6.